Gidan Yari, Zaman Wakafi da "Hali Zanen Dutse": Amsoshin Tambayoyinku

Tambayoyin wannan mako sun taru a kan abu guda, don haka zan bi su a jere.

Wani malamin firamare daga Kamba ya rubuto: "Malam, mu nan gidan kaso muke cewa, rediyo na cewa gidan gyaran hali, tsofaffinmu kuwa gidan yari suka sani. Wanne ne Hausa?"

Duka Hausa ne, Malam, kowanne da zamaninsa. Yari sarauta ce. A masarautunmu shi ne mai kula da waɗanda sarki ko alƙali ya ɗaure, sai gidan da ake ajiye su ya ɗauki sunansa. Haka aka tafi har zamanin En'e, wato hukumar mulkin gargajiya, kafin gwamnatin tarayya ta karɓe gidajen yarin En'e a 1968 ta haɗa da nata. Kaso kuwa Hausar Nijar ce, shi ya sa kuka fi jin ta a Kamba da Dole Kaina, ku da ke bakin iyaka. Fursuna aron Turanci ce. "Gidan maza" sakaya zance ne, wai sai namiji ke iya zamansa, alhali akwai mata a ciki, wasu ma da goyo.

Gidan gyaran hali shi ne auta. Ya shigo bakinmu ne bayan Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar hukumar gidajen yari a 2019. Sauran sunayen suna faɗin inda aka kai mutum, wannan kuwa alkawari ya ɗauka na yadda mutum zai fito. Ina amfani da shi, ina kuma bin hukuma bashin cika shi.

Wasiƙa ta biyu ta fi tsaya mini a rai. Wata uwa ce daga Gusau. An kama ɗanta bisa zargi, an kai shi kotu sau ɗaya, tun daga nan yana tsare, ba a yanke masa hukunci ba. Ta ce maƙwabta na kiran ta "uwar fursuna", tana son sanin ko sunan ya hau kansa.

Hajiya, bai hau ba. Ɗanki zaman wakafi yake yi. Wakafi kalmar Larabci ce, asalinta tsayawa ko dakatawa. Ita ce dai wakafin da mai karatu ke yi ya numfasa, ita ce kuma ta dukiyar da aka tsayar don Allah, ba a sayarwa ba a gado. Wanda aka yi wa wakafi an dakatar da shi ne kafin a binciki maganarsa. Ɗaurarre, ko fursuna, shi ne wanda alƙali ya saurari shaidu ya yanke masa wa'adi, na wata shida ne ko na rai da rai. Bahaushe ya raba biyun, tsarin mulkin Najeriya ma ya raba su, domin sashe na 36 ya ce mutum ba shi da laifi har sai kotu ta tabbatar. Dokar tarayya ta 2015 kan shari'ar masu laifi ta ce umarnin tsarewa na farko kada ya wuce kwana 14, sabunta shi ma ta yi masa iyaka.

Abin da ya rikita maƙwabtanki shi ne a aikace bambancin ya kusa shafewa. Wajen kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a gidajen yarin ƙasar nan masu jiran shari'a ne. Wani fayil ɗinsa ya maƙale wajen jiran shawarar ma'aikatar shari'a, wani an ba da belinsa amma ba shi da mai tsaya masa, wani babu lauya, wani ranar zaman kotu babu motar da za ta kai shi. Kuma su ne suka fi cunkusuwa, domin ɗaurarre yakan fita aiki ko ɗakin koyon sana'a, mai wakafi kuwa yawancin yininsa a kulle yake. Duk wanda ya san zafin Afrilu a Gusau ko Birnin Kebbi, lokacin da ma'auni ke haura 40, ya ƙiyasta ɗaki mai ƙaramar taga cike da mutane, ana kwana da karo-karo. A irin wannan wuri ne ƙazuwa da tarin fuka ke yaɗuwa. Abincin ma sunansa daban, gabza, kalmar da ba a kiran tuwon gida da ita sai in za a kushe shi. Kuɗin ciyar da mutum ɗaya a yini ya daɗe a naira 750 kafin a ɗaga shi zuwa naira 1,125, kuma ke da kike awo kin san abin da wannan zai saya.

Kada ki zauna jira. Babban alƙalin jiha yana da ikon zagaya gidajen yari ya saki waɗanda tsarewarsu ta wuce ƙa'ida, kuma Hukumar Ba da Agajin Lauyoyi ta tarayya tana kare marasa hali kyauta. Ki nemi ofishinta da lambar shari'ar da sunan kotun a hannu. Allah ya fid da shi.

Sai wani dattijo daga Argungu, da Kabancinsa: "Ɗan ƙanena ya hito gidan yari ya koyo ɗinki, amma an hana mai mata, an ce hali zanen dutse na, tuba tai tuban muzuru ta. In haka na, mi aka gyarawa?"

Baba, karin magana ba aya ba ce, kowace da muhallinta. Ana faɗin "hali zanen dutse" ne a kan wanda aka jarraba aka sake jarrabawa, aka ga bai sauya ba. Tuban muzuru kuma sai an ga kaza a bakinsa ake kiransa haka. Wanda ya jefi yaron nan da su tun bai sake yin komai ba, ya yi wa karin maganar fashi. Bakin da ya faɗe su shi ne ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, shi ne kuma ya ce, da harshenku na yamma, zama da maɗaukin kanwa shi ka kawo farin kai. Da hali ba ya motsi, da ba a ji tsoron zama da kowa ba.

Wannan ta kanwar ita ce ta fi bayyana abin da ke faruwa a ciki. A ɗauki saurayin da ya saci buhun gero a haɗa shi ɗaki ɗaya da ƙwararren ɗan fashi wata da watanni, babu makaranta babu aiki. Hali zai sauya, amma ta ina? Inda aka raba su, aka ba shi keken ɗinki ko aikin kafinta, ko karatu (Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa tana da cibiyoyi a wasu gidajen yari, kuma kyauta take koyar da fursunoni), sauyin yakan bi ɗaya hanyar. Dokar 2019 ta tanadi takardar shaidar kyakkyawan hali ga wanda ya nuna ya gyaru, ta kuma hana a nuna masa wariya saboda zaman da ya yi. Sai dai takarda ba ta ba da mata, ba ta kawo ɗinkin Sallah. Wannan aikin dangi ne da unguwa, kuma na fi tsoron ƙofar da muke rufe wa mutum bayan ya fito, domin in kowa ya guje shi, abokan da suka rage masa su ne waɗanda ya sani a ciki. Ku fara kai masa ɗinkin gidanku, Baba, ku kuma shiga gaba wajen neman auren, a ga fuskarku.

Wani ɗalibi daga Zuru ya tambayi ma'anar ɗaurin talala a taƙaice. Talala doguwar igiya ce da ake ɗaure dabba da ita ta yi kiwo ba tare da ta ɓace ba. A kan mutum, ana nufin yana gidansa ko garinsa amma an iyakance masa zirga-zirga. Ita na fi so a yi amfani da ita wajen fassara ɓangare na biyu na dokar 2019, wanda ya tanadi hukunci ba tare da kullewa ba: aikin gayya ga al'umma, sakin mutum bisa sharaɗi ana sa masa ido, da sulhu tsakanin mai laifi da wanda aka cuta. Mutum nawa ke kwance a ciki saboda tarar da ba ta kai kuɗin tunkiya ba? A Nuwamban 2023 ma'aikatar harkokin cikin gida ta tara gudummawa ta biya wa mutum fiye da 4,000 irin wannan tara aka sake su. Masu bashi kuma suna cikin mutum takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ba su zakka, don haka mai fitar da zakka a Kebbi ko Zamfara yana iya tambayar gidan yarin garinsu su wa bashi kaɗai ya riƙe.