Jaket ɗin gado: yadda ake gane shekarunta kafin a sayar ko a gyara

Tambaya: Malam, kakana ya rasu ya bar wata rigar jaket ta fata, ruwan ƙasa, mai nauyi, kuma ni aka ba. A gida kowa na cewa tun zamanin Yaƙin Duniya na Biyu take. Sunan kamfanin da ke wuya ya goge, sai dai a ƙarƙashinsa ana iya karanta "Made in West Germany". Zif ɗinta na ƙarfe ne, an rubuta YKK a jiki. A cikin shafin akwai wani ɗan ƙyalle mai zanen baho da dutsen guga. Da gaske ta kai waɗannan shekarun?

Amsa: Allah ya jiƙan kaka. Ɗan'uwa, rigar nan ba ta ga yaƙin ba, kuma wuyanta ne ya ba da shaida. An gama yaƙin a 1945, ita kuwa Jamus ta Yamma ba a kafa ta ba sai 1949, ta kuma daina amsa wannan suna a 1990 da aka haɗe Jamus biyu. To ka ga tun daga nan an yi wa rigar iyaka gaba da baya.

Ana iya ƙara matsewa. Zanen baho da dutsen guga alamomin wanki ne, waɗanda wata ƙungiyar masana'antun tufafi ta Turai mai suna GINETEX, da aka kafa a 1963, ta yaɗa. Kafin su zama ruwan dare a jikin riguna sai da aka ɗauki shekaru. YKK kuma kamfanin Japan ne, an kafa shi a Tokiyo a 1934, amma zif ɗinsa bai bazu a Turai da Amurka ba sai daga shekarun 1960. In aka haɗa ukun, hasashena shi ne shekarun 1970 zuwa 1980. Duba shafin ciki: in an rubuta poliyesta ko nailan, hasashen ya ƙara ƙarfi.

Ga ƙa'idar da nake so duk mai irin wannan riga ya riƙe. Abin da ya fi sabunta a jikin rigar, muddin da shi aka ɗinka ta tun farko, shi ke yanke hukunci. Mutane sukan kama abin da ya fi kama da na dā, kamar zif na ƙarfe ko babbar kwala, su ce ai ga shaida. Alhali kamfani na iya ajiye tsohon zif a sito shekara da shekaru kafin ya yi amfani da shi, kuma yayin ɗinki yakan tafi ya dawo. Abin da ba zai yiwu ba shi ne tela ya ɗinka wa riga abin da ba a ƙirƙiro ba tukuna. Rigar da aka ɗinka tun farko da maɗaurin Velcro, wato irin wanda ake mannawa a ɓanɓare, ba za ta girmi ƙarshen shekarun 1950 ba. Wadda aka buga wa adireshin intanet a ƙyallenta kuwa, tsakiyar shekarun 1990 ne mafi nisan da za ta kai, kome kamanninta da tsufa.

Sharaɗin nan na "tun farko" shi ne wurin da ake zamewa. Zif ne abin da ya fi saurin mutuwa a jaket, saboda haka shi aka fi canjawa. Juya rigar ka bi layin ɗinkin da ya riƙe shi. A fata abin da sauƙi, don ramin allura ba ya rufewa: in ka ga layin ramuka babu zare a gefen ɗinkin yanzu, ko launin zaren ya bambanta da na sauran rigar, to an taɓa sa hannu, sai ka cire zif daga lissafi. Haka shafi da maɓallai.

Kada wannan ya sa ka ƙaryata mutanen gida kai tsaye. Sau da yawa labarin gaskiya ne, riga ce aka musanya: wataƙila kaka ya taɓa mallakar wata tun da can, aka ɗora tarihinta a kan wannan. Nemi tsofaffin hotunansa. Hoto ɗaya mai kwanan wata a baya, yana sanye da ita, ya fi duk wannan lissafin nawa.

Tambaya: Ina da jaket ɗin jins na Levi's na mahaifina. Wani mai sayen tsofaffin kaya ya gani a hoto, yana ta matsa mini in sayar masa yau yau. In sayar?

Amsa: 'Yar'uwa, gaggawarsa kaɗai ta isa ta sa ki dakata. Dubi ɗan jan ƙyallen da ke gefen aljihun ƙirji. Har zuwa 1971 kamfanin na rubuta sunansa da manyan baƙaƙe duka, LEVI'S; daga nan aka mayar da E ƙarama. Masu tara irin waɗannan riguna wannan babbar E suke farauta. Sai ki ƙirga aljihu. Aljihu ɗaya a ƙirji da ɗan maɗauri a baya shi ne samfurin farko. Mai aljihu biyu da naɗe-naɗe a gaba ya fito a 1953. Mai ɗinki biyu da ke gangarowa daga aljihu suna tsukewa zuwa ƙugu, wanda kowa ya sani yau, ya zo a farkon shekarun 1960. In akwai aljihun zuba hannu a gefe da gefe, wannan ƙari ne na shekarun 1980.

Sai dai babbar E ita kaɗai ba hujja ba ce, don kamfanin da kansa ya sake fitar da tsofaffin samfura da ita daga baya, ban da 'yan jabu. Leƙa ciki: in kin sami ƙyallen umarnin wanki, ki sani dokar da ta wajabta shi a Amurka ta fara aiki ne a 1972. Ɗauki hotuna masu haske na jan ƙyallen, bayan maɓallai da wuyan rigar, ki nuna wa mutum biyu ko uku da suka san harkar kuma ba su da niyyar saye. Wajen kwatanta kuɗi, ki duba abin da aka sayar da irinta a zahiri, kada ki bi abin da masu talla suka rubuta suna fata. In bayan haka kin ga kuɗin ya fi miki amfani da ajiyar, ki sayar, ba laifi.

Tambaya: Tawa koriya ce irin ta sojan Amurka, mai aljihu huɗu da hula a ɓoye cikin kwala. Tana warin ajiya, zif ɗin kuma yana cijewa. Ina so in jefa ta injin wanki in kai wa tela ya sa sabon zif.

Amsa: Tsaya tukuna, Malam. Siffar da ka bayar ta M-65 ce, wadda sojan Amurka suka fara amfani da ita a 1965, kuma kayan soja su ne mafi sauƙin ganewa saboda lambar kwangila da ke ƙyallen ciki. In lambar ta fara da DSA, wato gajeren sunan hukumar da ke samar wa sojan Amurka kaya, tsakanin 1965 da 1977 ke nan. In DLA ce, bayan haka ne, don a 1977 aka canja sunan hukumar. Galibi akwai lambobi biyu a tsakiya da ke nuna shekarar kwangilar, misali 72 na nufin 1972. In babu lambar kwangila sam, mai yiwuwa ta kasuwa ce da aka kwaikwaya. Wannan rubutu tawada ce a kan ƙyalle, wanki ɗaya da ruwan zafi na iya tafiya da ragowarsa. Ɗauki hotonsa kafin ruwa ya taɓa ta.

Maganin wari shi ne iska: rataye ta a inuwa 'yan kwanaki, ka kakkaɓe da buroshi mai laushi. In dole sai wanki, a yi da hannu, da ruwan sanyi da sabulu kaɗan. Zif kuwa, goga masa bakin fensir ko kyandir a haƙora ka ja a hankali. In kan da ake ja ne ya saki, shi kaɗai za a canja. Zif ɗin M-65 ma shaida ne, don an fara da na alminiyam, aka koma tagulla, daga baya roba. In har haƙoran sun zube babu makawa sai sabo, ce wa telan ya farke tsohon a hankali ya ba ka, ka ajiye shi a aljihun rigar.