Zan iya saka sunan jarumar gaske a littafina?

Tambaya: Anti, ina rubuta nobel kan rayuwar 'yan Kannywood, shin zan iya saka sunan jarumar gaske dan ya ja masu karatu?

Amsa: Ƙanwata kar ki soma wallahi, zai iya zama ɓata suna, sai ki tsinci kanki a kotu, ga Hukumar Tace Fina-finai ta Kano da aka kafa 2001, hannunta har littattafai yana kaiwa. Ƙirƙiro taki jarumar kawai. Kuma ni masu karatu sun gaji da motoci da leshi, ki nuna mana ita a lokeshin tun safe tana jiran darakta, kwalliya na narkewa, ana zaginta a TikTok, ga 'yan uwa kowa na jiran alat. Leƙa Titin Gidan Zoo a Kano, matattarar 'yan fim, kiji hirarsu.