Malam ne ya haife shi ko Falke? Amsar Baffa

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Saƙonka ya same ni tare da hotunan takardun nan huɗu. Na sa tabarau na bi su ɗaya bayan ɗaya, har aka kira magariba ban tashi daga kan tabarma ba. Ka ce uku daga cikinsu sun nuna kakanmu, wato kakan mahaifinka, ɗan Malam ne, ta huɗun kuwa, wadda ka tsinta a cikin gafakar tsohon Alƙur'ani, ta ce ɗan Falke ne, ƙanen Malam. Ka tambaye ni wace za ka bi a salsalar da kake rubutawa. Sai kuma ka ƙara wata magana a ƙarshe da ta tsaya mini a rai, wai ko akwai abin da manya suka rufe ne.

Da wannan zan fara, domin ita ce mai nauyi. Babu abin da aka rufe. Kuma ina roƙonka don Allah kada ka jefa wannan tambaya a zauren WhatsApp na dangi. A fiƙihunmu na Malikiyya, kore mutum daga ubansa ƙazafi ne, kuma ka san abin da Suratun Nur, aya ta 4, ta yanke wa mai ƙazafi, bulala tamanin. Ba na cewa ka yi nufin haka. Amma magana zarar bunu ce, kuma waɗanda ake zancensu suna kwance a ƙasa, ba su da bakin kare kansu. Abin da ya rikita ka riƙo ne kawai, riƙo da alkunya, waɗanda ku yaran yanzu ba ku tashi kun iske su da ƙarfinsu ba.

Kakanmu ɗan fari ne. A da, mace ba ta nuna wa ɗanta na fari so a gaban mutane, ba ta kiran sunansa, wata ma ko ɗaukarsa ba ta yi sai in ba kowa a ɗakin. Uban shi ma haka. Da an yaye yaro, bayan kusan shekara biyu, sai wani babba a dangi ya zo ya ce a ba shi, kuma ba a hanawa. Falke mutumin hanya ne, fataucin goro yake zuwa Gwanja, in ayari ya tashi sai ya shafe watanni da yawa ba a ga ƙeyarsa ba. Malam kuwa yana zaune da almajiransa a zaure, kuma a lokacin Allah bai ba shi haihuwa ba. To wa ya fi cancanta? Aka ɗauki yaro aka kai ɗakin matar Malam. Can ya yi wayo, can ya yi karatun allo har ya sauke, Malam yake kira Baba. Mutanen unguwa suna cewa "ɗan gidan Malam", yau da gobe "gidan" ta faɗi a hanya, aka bar "ɗan Malam".

Kada ma ka yi mamakin wannan. Mu Hausawa wan uba uba ne, ƙanen uba uba ne, ga shi ni ma ɗana nake kiranka. A Suratul Baƙara, aya ta 133, 'ya'yan Annabi Yaƙub sun lissafa Annabi Isma'ila cikin ubanninsa, alhali baffansa ne. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ranar Hunainu ya kira kansa ɗan Abdul Muɗɗalibi, wanda kakansa ne. A nan gida ma dubi Sardaunan Sakkwato. Duk duniya Ahmadu Bello take ce masa, amma sunan mahaifinsa Ibrahim, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuwa kakan mahaifin nasa ne. Shagari da Tafawa Ɓalewa sunayen garuruwa ne. Wanda zai zo nan da shekara ɗari ya ɗauki suna na biyu a matsayin sunan uba ko da yaushe, zai yi ta ɓata. Sai dai kira daban, nasaba daban. Zaidu ɗan Harisa an daɗe ana ce masa ɗan Muhammadu, har aya ta 5 a Suratul Ahzab ta sauka ta ce a kira su da ubanninsu. Saboda haka a bakin titi a ce ɗan Malam babu laifi, amma a takardar salsala dole a rubuta wanda ya haifa.

Yanzu mu koma kan takardunka. Ka ƙidaya uku a gefe ɗaya, ɗaya a gefe ɗaya, ka ga kamar rinjaye ya bayyana. Ba a auna shaida da ƙidaya, ɗana, sai an tambayi inda kowace ta ɗebo ruwanta. Ta farko takardar haraji ce ta zamanin En'e. Malamin haraji ba tarihi ya zo rubutawa ba, kuɗi ya zo karɓa. Yana zama a ƙofar gidan mai unguwa, a kira maigida, a lissafa mazan da ke ƙarƙashinsa. Duk wanda ke cin tuwon gidan Malam, a gidan Malam za a sa shi. Ta biyu ita ce shaidar sayen gona mai hatimin alƙali, na kuma lura hatimin nan ya cika maka ido. Abin da alƙali ya tabbatar a ranar shi ne an sayar, an saya, an biya. Ba wanda ya kawo ƙarar nasaba gabansa, don haka magatakarda ya rubuta sunan da aka san mai saye da shi a kasuwa. Ta uku, wadda aka buga da tafireta, na san wanda ya yi ta, ɗan'uwanmu ne, Allah ya jiƙansa, kuma ina nan lokacin da yake haɗa ta. Daga waɗancan biyun ya kwafa. Ka ga ke nan uku sun koma ɗaya, ɗayar kuma kiran unguwa ce aka zuba wa tawada.

Ta huɗun fa? Wannan 'yar takarda da ta yi ja, gefenta ya ci, ita ce ganau, sauran jiyau ne. In ka sake buɗe gafakar, ka wanke hannunka ka ɗaga ta saitin rana, ina tsammanin za ka ga tambarin jinjirin wata uku a jikinta, irin takardar da fatake ke kawowa ta hamada, wadda malamanmu suka yi ta rubutu a kai. Sannan ka ɗauko littattafan Malam da ke cikin adaka, ka kwatanta rubutun gefen shafi da na wannan takarda. Hannu ɗaya ne. Na san yadda yake jan wutsiyar harafi, domin a kan littattafan nan na yi karatu. Ka kuma sake karanta Larabcin a hankali, ko ka kai wa wanda ya iya. Cewa ya yi an haifa wa ɗan'uwansa ɗa namiji, a shekarar 1311 ta Hijira. Wannan ita ce 1893, shekarar da Sarkin Kano Bello ya rasu aka shiga Basasa tsakanin Tukur da Yusufawa, kuma duk tsofaffin gidanmu sun haɗu a kan cewa a farkon Basasa aka haifi kakanmu, yana ɗan shekara goma Turawa suka ci Kano a 1903. Mutumin da ake cewa shi ne uban, shi da hannunsa ya rubuta cewa ɗan ƙanensa ne, a makon da aka yi haihuwar, ba gona a gabansa, ba gado, ba abin da zai samu ko ya rasa.

Amma ko da gara ta cinye wannan takarda, akwai hujjar da ta fi ta, kuma a jikinka take. Wace ce uwargidan kakanmu? Iya ce, wadda ta haifi mahaifina. Iya kuwa 'yar Malam ce ta cikinsa, wadda Allah ya ba shi bayan ya karɓi riƙon da 'yan shekaru. Na iske ta da raina. Ina ganinta yanzu a bakin ɗakinta da hantsi, ta miƙe ƙafa, mazari na juyawa a kan 'yar fata, tana dangwalo alli da yatsa. Wata rana ƙanwata ta tambaye ta yadda aka kai ta gidan miji, sai ta ce, a gidan ubana aka ɗaura, a gidan ubana aka kai ni, ɗaki kawai na sauya. To ka tsaya ka yi tunani. Malamin da ke karantar da Risala, littafin fiƙihu, a zaurensa zai ɗaura wa ɗansa aure da 'yarsa? Liman da jama'ar gari su zauna su shafa fatiha? Auren zumunci ne na 'ya'yan wa da ƙane, irin wanda ake yi don gida ya ƙara haɗuwa. Wannan ne ma ya nuna maka sai bayan yaye aka kai shi. Da matar Malam ta ba shi nono, da shi da Iya sun haramta ga juna.

Rabon gado shi ma ya faɗi tasa. Falke ya rasu a annobar murar nan ta 1918 da ake kira marisuwa, kakanmu ya ɗauki kason ɗa namiji tare da ƙannensa. Da Malam ya rasu daga baya, bai bar ɗa namiji ba. Iya ta ɗauki rabi, mahaifiyarta ta ɗauki tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, abin da ya rage aka raba daidai tsakanin 'ya'yan Falke maza, kakanmu a cikinsu, bai fi kowa da ko taki ɗaya ba. Da ɗan Malam ne, da ya katange su gaba ɗaya, ko ƙwayar gero ba za su gani ba. Gonar bakin rafi da jikokin ƙannensa ke nomawa har yau daga wannan rabo ta fito. Mutane na iya sakaci da suna a takardar haraji, amma ban taɓa ganin an yi sakaci da shi ranar rabon gona ba.

Ka yi zancen gwajin jini na DNA da ake aikawa ƙasar waje. Ka riƙe kuɗinka. Malam da Falke uba ɗaya suke, don haka alamar da ke bin layin maza iri ɗaya ce a wajensu. Ga shi kuma kai jinin su biyun ne, Falke ta wajen kakanmu, Malam ta wajen Iya. Duk yadda aka juya, su biyun za a gani.

Kuma kada ranka ya ɓaci don takardun gidanmu sun saɓa. Na sarakuna ma, da suke da marubuta da maroƙa masu haddace sunaye, ba su tsira ba. Tarihin Kano, wanda Bature Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ambaci Amina ta Zazzau a zamanin Sarkin Kano Dauda, tsakanin 1421 da 1438. Ruwayar Zazzau kuwa ta ce 'yar Bakwa Turunku ce, wajen 1536. Kusan shekara ɗari ke tsakani, kuma masana na nan suna kai da komowa a kai. Mu namu da sauƙi, tunda hannun Malam yana nan.

Ga yadda nake so ka rubuta. Ka sa kakanmu a ƙarƙashin Falke. A gefen sunansa ka rubuta cewa Malam ne ya riƙe shi tun daga yaye, ya karantar da shi, ya aurar masa da 'yarsa, shi ya sa aka san shi da ɗan Malam. Wannan layi kada ka bar shi, domin haƙƙin Malam ne. Mutumin ya ci da shi, ya sha da shi, ya yi jinyarsa, kuma kakanmu har ya koma ga Allah in ya idar da salla su biyun yake haɗawa a addu'a, na sha jin sa da kunnena, Malam yake fara ambata. Takardun nan uku kuma kada ka yaga ko ka jefar. Ka haɗa su da ta huɗun, ka rubuta a ƙasan kowace wanda ya yi ta da dalilin yin ta, don jikanka kada ya zo ya sake faɗawa ramin da ka faɗa. Ka rubuta sunayen mata ma. Ɗan'uwanmu mai tafireta maza kawai ya jera, da ya sa Iya da sunan mahaifinta, da kai da kanka ka warware wannan ba sai ka tambaye ni ba.

Saura abu ɗaya. Goggonka ta ƙauye ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka zauna da Iya a tsakar gida ɗaya, ta girme ni, kuma jikin nata sai a hankali. Ka je kafin damina ta yanke hanya. Ka riƙe mata goro da turare da ɗan abin cefane. In kun gaisa kada ka buɗe baki ka ce wa ya haifi wane, za ta sunkuyar da kai ne ta ce maka Allah ya sani, domin sunayen nan ba ta kama su. Ka bari sai an ci abinci, sannan ka tambaye ta a wane ɗaki aka binne cibiyar kakanmu, wa ya yanka ragon suna, wace tsohuwa ce in ta hango shi tafe take kau da kai. Ka kunna wayarka ta ɗauki muryarta, amma ka nemi izininta tukuna. In ka sa rana ka sanar da ni, in jikina ya yarda tare za mu tafi.

Ka gai da mai ɗakinka da yara. Allah ya yi maka albarka, ya jiƙan magabatanmu.

Baffanka.