Ka fara sanin wa ke da ta cewa a gidan

Kai yaro, yanzu da kai ma ka zama lauya, ka tambaye ni yadda za ka yi da leburan nan da injin casar shinkafa ya cinye wa yatsu, kotu za ka kai ko sulhu za ka nema. Cike takardu ba zan tsaya koya maka ba. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 tana kan teburinka: ma'aikaci ya sanar da ubangidansa cikin kwana 14, a nemi diyya a NSITF, hukumar gwamnati mai biyan diyyar ma'aikatan da suka ji rauni a wurin aiki, kafin shekara ta cika. Rigimar aiki kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ke sauraronta, ga reshenta nan a Kano. Je ka karanta. Ku 'yan yanzu komai sai an tauna muku, ko ku hau latsa waya.

Abin da waya ba za ta gaya maka ba shi ne halin dangin mai raunin.

Akwai wani matashi daga wani ƙauye a gefen Kura, bel ɗin inji ya fizgi rigarsa ya haɗa da hannun dama. Mahaifiyarsa ta kawo mini shi, hannun naɗe da tsumman atamfa har ya fara wari, don mai injin wurin mai ɗori ya tura shi. A motata na kai shi Asibitin Ƙashi na Dala, can aka yanke hannun. Mai injin ya rantse bai san shi ba, wai wucewa yake yi ya shigo shan inuwa. Ba takardar ɗaukar aiki, kashi ɗaya cikin ɗari na albashi da doka ta ce a riƙa zubawa NSITF kuwa ko sisi bai taɓa ba. Na riƙa bin leburorin gida-gida bayan isha'i har biyu suka yarda su ba da shaida. Na samo littafin kuɗin yini, duk ya sha ƙura da dusa, ga sunan yaron shafi bayan shafi. Rahoton likita, kuɗin shigar da ƙara, man mota, duk daga aljihuna, da alkawarin za a mayar mini.

Shari'a ta kankama, lauyan mai inji ya fara kirana yana sassauta murya. Ranar zama na duba, ba yaro ba mahaifiyarsa. Ashe baffansa, wanda ko dubiya bai je ba, an kira shi zauren dagaci bayan magariba, an miƙa masa babur da buhunan shinkafa. Aka ce ƙaddara ce, a bar wa Allah. Ya tasa yaron gaba ya dangwala yatsan hagu a takardar yafiya. Babur, ga mai hannu ɗaya! Baffan ke hawansa zuwa kasuwa. Da na je neman haƙƙina ya dube ni ya ce, "Ai ba mu muka sa ka ba, lauya." Shaidun nan biyu kuwa aka sallame su daga aiki, suna da iyali. Wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

Saboda haka kafin ka rubuta harafi ɗaya, je gidan. Zauna da baffa, da uwa, in da hali har dagacin. Rubuta yarjejeniya da Hausa, ka karanta musu da babbar murya, kowa ya sa hannu: ba sulhu sai kana wurin, abin da ka kashe kuma a biya ka. Ni ba na ƙin sulhu, amma sai an lissafa shekarun da hannun nan zai yi yana noma yana ciyar da gida. Ka ɗauki hoton raunin da na injin tun ba su sa masa murfi ba, ka karɓi lambar shaidu. Gobe da sassafe ka hau mota, kada mai injin ya riga ka isa wurin baffan.