Ina da juna biyu, jarina yana cikin atamfa: inshorar lafiya zan yi ko adashi?

Wata 'yar kasuwa daga Kano ce ta aiko da tambayar. Tana sarin atamfa da leshi a Kantin Kwari, tana sayarwa a gida da kuma ta WhatsApp. Cikinta wata uku. A haihuwarta ta baya tiyata aka yi mata, kuma kafin kuɗin asibiti su cika sai da aka kwashi rabin kayan ɗakinta aka karyar, ta haɗa da ɗan kunnenta na gwal. Maigidanta ɗan Adaidaita Sahu ne, ba shi da inshorar ma'aikata. Ta ce: "Ana ta yi mini tallar inshorar lafiya, ni kuma ina ganin gara in shiga adashi in tara kuɗina a hannuna. Wanne ya fi?"

Hajiya, Allah Ya raba lafiya. Ki yi duka biyun, amma ki fara da inshorar, kuma a cikin makon nan.

Adashi kuɗinki ne yake dawo miki, ba ya ƙaruwa da ko sisi. Mu ƙaddara kina zuba naira 10,000 duk wata daga yanzu har watan haihuwa, abin da za ki kwasa 60,000 ne. Idan haihuwa ta zo da sauƙi, sun yi miki amfani. Idan likita ya ce sai an shiga ɗakin tiyata, ga kuɗin aiki, ga jini, ga gado na kwanaki, ga jariri da wataƙila sai an kwantar da shi a kwalba, to 60,000 ba za su kai ko'ina ba, kuma ke kin fi ni sanin haka tunda kin gani da idonki. Inshora kuwa asusu ne da mutane da yawa suke zuba kaɗan-kaɗan, wadda lalura ta faɗa wa a cire mata mai yawa. Wadda aka taɓa yi wa tiyata tana cikin waɗanda aka fi zaton za a sake yi musu, kuma likitoci ba sa son ta yi naƙuda sai a asibitin da ke da ɗakin tiyata da ma'ajiyar jini. Saboda haka a lissafin kasuwa, ke ce irin wadda inshora ta fi yi wa riba.

Sai dai ba kowace inshora ce za ta karɓe ki da cikin wata uku ba, kuma a nan mata da yawa suke yin asara. Kamfanonin inshorar lafiya masu zaman kansu, waɗanda ake kira HMO, idan mutum ɗaya ya saya wa kansa tsari, yawanci suna sa sharaɗin cewa ba za su biya kuɗin haihuwa ba sai an yi watanni masu yawa da rajista, wasu har shekara guda. Mai talla ba zai fara miki da wannan ba. Zai nuna miki takarda mai sheƙi da jerin asibitoci, ki biya, ranar da kika je da naƙuda a ce lokacinki bai yi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, su ma kamfanonin sun san wannan karin maganar, shi ya sa suka toshe ƙofar. Irin wannan tsarin na wadda ba ta riga ta ɗauki ciki ba ne.

Ƙofar da ta fi dacewa da ke ita ce ta gwamnati. A Kano akwai hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, KSCHMA, kuma ba ma'aikata kaɗai take yi wa rajista ba, tana da tsari na masu sana'ar hannu da 'yan kasuwa da ake biya a shekara. Kaduna tana da KADCHMA, Jigawa tana da JICHMA, sauran jihohi ma kowace da tata. A matakin tarayya akwai NHIA, wadda ta maye gurbin tsohuwar NHIS bayan Shugaba Buhari ya sa hannu a dokarta a 2022, kuma tana da tsarin GIFSHIP da mutum ɗaya, ko iyali, ko ƙungiya za su iya shiga ba tare da suna aikin albashi ba. Awon ciki da haihuwa suna cikin abin da waɗannan tsare-tsare suke ɗauka. Su ma akwai ɗan lokacin jira tsakanin ranar biya da ranar da sunanki zai isa asibiti, shi ya sa na ce makon nan. Ki tafi da lambarki ta NIN, ki karɓi farashin yau daga bakin ofishin, kada ki dogara da abin da maƙwabciya ta biya bara.

Akwai kuma na kyauta. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware asusun da ake kira BHCPF, daga cikinsa ake yi wa marasa ƙarfi rajista ba tare da sun biya ba, kuma mata masu juna biyu da yara 'yan ƙasa da shekara biyar suna cikin waɗanda ake fifitawa. Ta ƙaramin asibitin mazaɓa ake bi, gurbin kuma ƙayyadadde ne. A Nuwamban 2024 ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi, a asibitocin da aka zaɓa. Ki tambaya ko asibitinki yana ciki. Amma shawarata, kada ki gina lissafinki a kansa. Idan ya samu, alhamdulillahi, kuɗinki sun huta.

Ranar da kika je ofishin, kada ki tsaya a "haihuwa tana ciki?" domin kowa zai ce miki e. Ki ce ina da ciki wata uku yanzu haka, wannan cikin za ku ɗauka? Ki tambayi ranar da katin zai fara aiki, a rubuta miki ita a bayan rasit. Ki tambayi tiyata, duka ake biya ko wani kaso. Ki tambayi jini, da hoton ciki, da kwanciyar jariri idan ya zo bakwaini, da makonni nawa jaririn yake shiga ƙarƙashin katinki kafin a ce sai an yi masa nasa. Sannan babbar tambaya: wane asibiti za a rubuta miki? A tsarin inshora akwai asibitin farko da kike zaɓa, shi ne yake tura ki babba idan abu ya fi ƙarfinsa, kuma sau da yawa sai an nemo lambar izini kafin babban ya fara aiki a kan katin. Mai tarihin tiyata ba ta da lokacin jiran wannan da ƙarfe biyun dare. Ki zaɓi asibitin da yake yin tiyatar da kansa, ko kuma ki sa a rubuta miki takardar turawa tun kina wata bakwai, ki ajiye ta tare da katin awo a jakar da za ki tafi da ita.

To ina amfanin adashin? Yana nan, domin kati ba ya sayen komai da komai. A tsarin NHIA mai kati yana biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani. Wani lokaci a ce maganin ya ƙare a ma'ajiya, sai an fita waje an saya. Ga kuɗin mota, ga kayan haihuwa da ake rubuto wa mace, audugar mata, safar hannu, sabulu da sauransu, ga abincin mai jinya. Jini ma ko an ce yana ciki, asibitoci da yawa suna neman a kawo wanda zai bayar a madadin wanda aka ɗiba, don haka maigida ya shirya 'yan'uwa biyu ko uku tun yanzu, a san rukunin jininsu. Ki roƙi uwar adashi ta sa kwasarki a watan bakwai na cikin, ba na tara ba, kuma idan kin kwasa kada kuɗin su ga hanyar Kwari. Na san yadda abin yake: sabon yayi zai shigo, zuciya ta ce bari in juya su sau ɗaya kafin lokacin. Atamfar da aka sara don riba, idan aka fitar da ita da daddare saboda lalura, ƙasa da kuɗin sari ake sayenta.

Wata magana kuma da ba ki tambaya ba. Kuɗin awo da haihuwa a al'adarmu da addininmu nauyin maigida ne, jarinki kuwa naki ne. Ban ce ki ƙi taimakawa ba, zaman aure ya wuce haka. Amma ki zaunar da shi yanzu da hankali yake kwance, ki nuna masa kuɗin rajistar shekara, ki tuna masa abin da aka kashe wancan karon. Ɗan Adaidaita yana samun kuɗi kullum, ware wani abu kaɗan daga cinikin kowace rana ya fi masa sauƙi a kan a nemi dunƙule a hannunsa rana ɗaya. Idan kuma yana da shakka ta fuskar halacci, tsarin jihohi an gina shi ne a kan taimakekeniya, shi ya sa ma aka sa masa wannan suna, yana iya kai wa malamin da ya yarda da shi ya duba.

Kasuwar ma tana buƙatar shiri, domin bayan tiyata ba arba'in kawai za ki yi ba ki fita sari ba, abin yakan zarce. Daga wata na shida ki rage bayar da kaya bashi, ki fara bin waɗanda suke hannun mutane, don mai jego ba ta iya zaryar karɓar bashi, kuma masu cin bashi sun san da haka. Sarinki na ƙarshe ya zama na kayan da ba sa tsufa, irin atamfar da ake nema kowane lokaci, ki bar leshin yayi sai kin miƙe. Ki samu ƙanwa ko 'yar amana ki koya mata farashi tun yanzu, ki ba ta littafi, duk turmin da ya fita a rubuta, kuɗin kuma a tura asusunki na banki kai tsaye kada su kwana a ɗaki, musamman a makon suna da gida yake cike da jama'a. Kayan fitar suna kuwa, idan za ki ɗauka daga cikin hajarki, ki rubuta su da kuɗin sari ki mayar wa jari idan barka ta shigo.

Ki sa ranar da katin zai ƙare a wayarki. Idan rajistar ta shekara ce kuma kika bari ta mutu, jiran farko za ki sake yi, ga jariri a hannu.