Amsa ga mai Mazda MX-5: kar ka murɗa makulli tukuna

Assalamu alaikum jama'ar gida. To Alhaji, na saurari muryarka, ka ce MX-5 ɗin nan ta 1990 ta shekara shida a ajiye, kana tambayar wane fenti za ka sa da wane batir za ka saya. Ni dai abin da na ji kana tambaya shi ne, in sa batir in tada ta? A'a. Kar ka tada ta. Fenti kuwa ajiye maganarsa can ƙarshe.

Fara shiga ƙarƙashinta da tocila da sukundireba. Ka caccaki dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofa, daidai gaban tayar baya. Motar nan rufin tamfol gare ta, ruwan sama yana bi ta wasu ƙananan magudanai a bayan kujeru. In datti ya toshe su, ruwan sai ya kwanta a ciki, tsatsa ta ci daga ciki zuwa waje. In sukundireba ta burma, aikin mai walda ne, a yanke a sa sabon ƙarfe. Kar ka bari a cika maka wurin da fila.

Sai inji. Kwance filogi huɗun nan, ka ɗiga baƙin mai kamar cokali ɗaya a kowane rami, ka bar shi ya kwana. Da safe ka sa soket mai lamba 21 a kan babban notin fuli na ƙasa, ka juya da hannu ta yadda agogo ke tafiya, zagaye biyu. In ya cije, tsaya, kar ka sa ƙarfi. Yauwa, kana wurin kuma ka ƙirga tsagar da ke jikin fulin. In huɗu ne, injin mai gajeren hanci ne, wato bakin ƙarfen da fulin ke zaune a kai gajere ne, na farkon fitowa har zuwa cikin 1991. Notin nan in ba a ɗaure shi da sifana mai auna ƙarfin ɗauri ba, wajen 110 zuwa 118 Nm, ɗan ƙarfen da ke kulle fulin daga ciki zai ci gurbinsa, fuli ya riƙa rawa, mota ta rasa ƙarfi in inji yana juyawa a hankali. Ba a ɗaure shi da guduma.

Fetur ɗin tanki ya riga ya lalace, ya zama kamar ƙaro. Zuƙe shi kaf, ka canja filtar mai da ke ƙarƙashi ta baya. Famfon yana cikin tanki, ana kai masa ta bayan kujeru in ka ɗaga kafet. Baƙin mai kusan lita uku da rabi da sabuwar filta. Man giya kuma GL-4, 75W-90, wajen lita biyu. Bel ɗin taimin, ko bai kai kilomita 100,000 ba, shekarun nan sun busar da shi, canja shi tare da famfon ruwa. Ko ya tsinke ba ya lanƙwasa bawul a wannan injin, amma zai ajiye ka a hanya.

Yanzu ga inda raina ke ɓaci. Don Allah, don Annabi, duk bakaniken da ya ce maka a cire tamostat, wato abin da ke tsare ruwa har inji ya yi zafi, wai don ƙasarmu da zafi, ɗauke motarka ka tafi. Kullum maganar kenan, a cire, a haɗa fanka kai tsaye, a zuba ruwan rijiya. Tamostat ɗin nan yana buɗewa ne a digiri 80 da wani abu. In babu shi, inji ba ya kai zafin da ya kamata, kwamfuta ta ɗauka har yanzu sanyi ne ta ci gaba da zuba fetur, fetur ya wanke man jikin silinda, filogi ya yi baƙi. Sannan a zo ana cewa motar shan mai gare ta! Ruwan rijiya kuma gishirinsa ya toshe lagireto, ya ci tof silinda, don na alminiyam ne. Ga silinda ta huɗu, ta can baya, da ma ita ta fi ɗaukar zafi. Zuba ruwan kulan, wato ruwan sanyaya inji na musamman, lita shida take ci. Kai, wannan magana ta tamostat... bari dai.

Lagireton ma duba kan robarsa. Baƙi ne asalinsa, in ya koma ruwan ƙasa to ya gasu, fashewa ya rage. Tiyo duk a canja.

Af, na tsallake birki, da shi ya kamata in haɗa tun kafin tayarwa. Zubar da tsohon man, sa DOT 4, ka fitar da iska. Kulochi in ya tafi ƙasa ba nauyi, ƙaramar silindar jikin giya ce ke yoyo, ba tsada. Taya kuma karanta lambobi huɗun nan na gefe, sati da shekara, ko zanenta sabo fil in ta tsufa a cire.

Turo mana hoton ƙarƙashin ƙofar da na fulin tukuna, sai mu san ko ta cancanci kuɗin fenti.