Tambaya da Amsa: Shagona na intanet ya tuɓe bayan an sabunta shi

Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da atamfa da leshi da mayafai a kasuwar Wunti nan Bauchi, kuma ina da shago a intanet da aka gina a kan Magento, manhajar gina shagunan intanet. Ranar Asabar ɗan yayata da ke kula min da shi ya ɗaga shi zuwa sabon zubi na 2.4. Wayewar gari na buɗe a wayata, sai na ga shafi fari fat, rubutu shuɗi jere a gefe ɗaya kamar sunayen 'yan jarrabawa a allon makaranta, maɓallin saye kuma ba ya danuwa. Har wata mai haɗa lefe ta kira daga Azare tana tambaya ko na rufe ne. Yaron ya ce sai dai a rushe a sake sabo. Kayana da sunayen kwastomomina sun tafi ke nan?

Daga wata 'yar kasuwa, Wunti

Wa alaikumus salam Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, kuma don Allah ki hana yaron nan rusa komai. Farashin kayanki da odar mutane da sunayensu suna cikin rumbun bayanai, hotuna kuma suna cikin folda mai suna pub/media. Tunda har rubutun yana fitowa, rumbun yana nan da ransa. Abin da ya ɓace shi ne fayilolin kwalliya da ake kira CSS, masu tsara launi da zaman kowane abu, da na JavaScript masu sa maɓalli ya yi aiki. Kamar a ce an kwashe kanta da rataye daga shagonki na Wunti, an bar turamen atamfa jibge a ƙasa.

Sauran bayanin na ɗanki ne, sai ki miƙa masa mujallar.

Ɗana, kafin ka taɓa komai ka kwafi rumbun bayanan da fayiloli ka adana. Sannan ka buɗe shagon da Chrome a kwamfuta, ka danna F12, ka shiga sashen Network, ka sake loda shafin. Za ka ga layuka ja suna gangarowa, kowanne da lamba a gefensa. In 403 ce, fayilolin suna nan amma saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shagon, ba ta da izinin karanta su, sai ka mai da izinin folda 755, na fayil 644, ka kuma duba wane asusu ne ya mallake su. In 404 ce, ba a same su ba sam, kuma nan na fi zargi.

Magento ba ya ba burauza fayilolin kwalliya daga inda aka rubuta su. Tattaro su yake yi ya zuba a pub/static. Shagon da ke yanayin production, wato wanda aka saita don hidimar kwastomomi, ba ya sake haɗa su da kansa bayan sabuntawa, sai an umarce shi. Saboda haka ka share abin da ke cikin pub/static da var/view_preprocessed, sannan ka ba saba waɗannan umarni:

php bin/magento setup:static-content:deploy -f en_US en_GB
php bin/magento cache:flush

Na sa harsuna biyu ne domin sau da yawa an saita gaban shago a kan Ingilishin Ingila, ɓangaren mai shago kuma a kan na Amurka. In an manta ɗaya, gefe guda zai dawo da kayansa, ɗayan ya ci gaba da zama a tuɓe.

Amma ka lura da kyau, na ce abin da ke ciki, ban ce foldar kanta ba. A cikin pub/static akwai wani ɗan ɓoyayyen fayil, .htaccess, wanda cPanel, wato shafin sarrafa saba, ba ya nuna shi sai ka shiga Settings ka zaɓi a nuna ɓoyayyun fayiloli; shi kam kada ka share shi. Ka dubi adireshin layukan jan nan, za ka ga kalmar version da doguwar lamba manne da ita. Babu wata folda mai wannan suna a saba. Ɗan fayil ɗin nan ne ke cire ta ya kai burauza inda kayan suke, in dai manhajar saba ta Apache ake amfani da ita. An taɓa kawo min irin wannan a Yelwa: saurayin ya maimaita umarnin sama ya fi sau goma, kwana biyu bai yi barcin kirki ba, fayiloli dubbai suna zaune lafiya a foldar amma shafi fari. Muka ɗauko .htaccess daga kunshin Magento mai lamba daidai da nasa muka mayar. Ya danna Ctrl da F5, launuka suka dawo gaba ɗaya, ya daɗe yana kallon allon bai ce komai ba. Zuciyata tana ba ni naku ma haka ne.

In ba shi ba ne, ka duba tushen shafin. Tun daga zubi na 2.4.2 da ya fito a farkon 2021, dole adireshin shago ya nufi foldar pub kai tsaye, wanda kuma ya taso daga tsohon zubi yakan manta. Ka tabbatar adireshin da aka rubuta a saitin shagon https ne, domin burauza tana toshe fayil ɗin da ya zo ta http a shafi mai kariya. In kuna bi ta Cloudflare, mai ajiye kwafin shafuka don su yi saurin buɗewa, ka share abin da ya ajiye, in ba haka ba tsohon shafin zai yi ta nuna muku ko bayan an gyara.

Hajiya, kada ki yi masa faɗa da yawa, sabuntawar wajibi ce saboda ɓarayin intanet. Sai dai nan gaba ya fara gwadawa a kan kwafi, ya kuma guji lokacin Sallah da na bukukuwa. Yau ki sa sanarwa a WhatsApp cewa ana gyara, ki karɓi odar mutuniyar Azare ta waya. In ya bi duk wannan bai dawo ba, ya ɗauki hoton layukan jan nan ya turo min ta adireshin mujalla.